Yaya Nasiru da Baƙin da Ba a Gayyata Ba

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai yayana Nasiru makwancinsa a Gwandu. Malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Kalgo, kuma idan na tuna shi, ɗakin nan mai tsofaffin na'urori nake fara gani.

Na'urorin kyauta ce aka ba makarantar, sun riga sun sha jiki kafin su iso. Idan aka tada janareta aka kunna su, sai ɗalibi ya zauna yana kallon allo har lokacin darasi ya kusa ƙarewa. Shugaban makarantar ya gaji, ya yanke shawarar mai da ɗakin rumbun ajiyar kujeru. Ma'anar hakan ita ce, yaran Kalgo da ƙauyukan kewaye irin su Diggi za su shiga jarrabawar neman gurbin jami'a, wadda a kan kwamfuta ake yi, alhali yatsunsu ba su taɓa sauka kan madannai ba.

"Malam Nasiru," in ji shugaban, "waɗanga injuna sun mutu, sai haƙuri."

"Ranka ya daɗe, ba su mutu ba. Baƙi suka yi musu yawa."

Daga baya ya yi mini bayani a zauren gidanmu. Da zarar an kunna na'ura, akwai manhajojin da ke tashi tare da ita a bayan fage, babu wanda ya kira su: wannan tana neman firinta da babu ita, waccan tana laluben intanet da ba a taɓa jawowa makarantar ba. Su ke cinye tuwon kafin mai gida ya wanke hannu. Ƙa'idarsa kuwa ɗaya ce. Ba ya goge kowace manhaja, hana ta tashi kawai yake yi, ɗaya bayan ɗaya, ya kashe na'urar, ya sake kunnawa, ya ga yadda ta kasance. Idan wani abu mai amfani ya daina aiki, ya san wadda zai mayar. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin zangon ya ƙare, ɗakin ya cika da ƙarar madannai.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wayoyinmu na yau, waɗanda ke shanye caji da data suna kwance cikin aljihu. Ina jin dariya zai yi, ya ce baƙin nasa sun bar zaure sun shige har ɗaka.

A bana maganar rufe ɗakin ta sake tasowa, domin na'urorin sun koma nauyi. Wadda ta miƙe ita ce Malama Rifkatu, ɗiyar wani ma'aikacin lafiya, ɗalibarsa a da, wadda yanzu take riƙe da ajinsa. Ta nemi a ba ta wa'adin ƙarshen mako ɗaya, ta bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta ga yana yi, ba ta goge komai ba. Da na je Kalgo ranar Litinin, na tarar da yara sun yi layi har bakin ƙofa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba. Amma har gobe kujerun makarantar a waje ake ajiye su, domin ɗakin nasa ba shi da wurinsu. Allah Ya haskaka kabarinsa.