'Yar Amshi

A cikin ɗaliban da na koya wa sarrafa murya a jami'a, babu wadda ta sa ni ciwon kai kamar wata 'yar garin Gidan Rumji. Murya kam Allah ya ba ta, amma ba ta iya fara waƙa ba. Tun tana ƙarama 'yar amshi ce a dandali. In wani ya ɗauko baiti, sai ta cafe ta cika aji da murya. In na ce ta fara, sai ta tsaya tana kallon ƙafafunta.

Na koya mata jan numfashi daga ciki, na yi lallashi, na yi faɗa har muryata ta dushe. Rannan ta ce da ni, "Madam, mi zan amsa in ba a ce komi ba?" Ga shi a jarrabawar ƙarshe kowa sai ya ja waƙa da kansa a gaban jama'a, in ba haka ba ya maimaita shekara.

A garuruwa muka yi jarrabawar. Sauran suka yi tasu a Gazawa da Cadawa, ita kuwa na ajiye ta sai garinsu. Bayan la'asar filin lakol, wato makarantar garin, ya cika, uwarta na zaune gaba a tabarma. Na ja ɗalibar tawa gefe na ce, "Ke, tunda amshi kika iya, fara da amshin. Abin da zai faru ya faru."

Ta fita, ta rufe ido, ta saki amshin wata waƙar daka da kowace mace a garin ta sani. Sai matan nan suka karɓe, don ba sa jin amshi su yi shiru. Sun ƙwace mata wurinta ke nan. Ta buɗe ido ta duba hagu da dama, babu abin da ya rage mata sai baiti. Ta ɗauko shi, ta ƙara wani, har da wanda ban taɓa ji ba.

Ni mai ba da maki sai ga ni ina tafi ina amshi, daɗi kamar ya kashe ni. Uwarta ta rangaɗa guɗa, ta juyo ta ce, "Madam, ashe ɗiyar tawa zabiya ce?"

Na ce, "Inna, yau dai ni da ke duk 'yan amshinta ne."