Rijiyar Majema

Ni tun ina saurayi kaina ba ya aiki sai da abokin gardama. In aka ba ni mas'ala na zauna shiru, sai in ji kaina ya daskare kamar man shanu da sanyi. Amma in na sami mai saurare, sai in ɗauki ɓangaren da ban yarda da shi ba, in tsaya masa tsayin daka, in ja shi har inda zai tsinke. A nan inda ya tsinke nake ganin gaskiya. Haka Allah ya yi ni, kuma duk Sakkwato mutum ɗaya ne ya san wannan hali nawa ciki da waje: taubashina, ɗan kawuna, wanda muke karatun fiƙihu tare a zauren wani babban malami.

Bayan la'asar mukan fita ƙofar gari mu bi hanyar Dundaye, inda gonar geron kawu take. Ni ke surutu, shi ke dariya, yana tsokanata wai bakina yakan riga kaina tashi daga barci. Shi gwanin hadda ne, abin da ya ji ya zauna daram. Amma a ɗan juya masa tambaya, sai ka ga yana sosa ƙeya.

A lokacin Malam ya tsufa, yana neman wanda zai zaunar a buzu ya riƙa biya wa ƙananan ɗalibai karatu. Kowa ya san tsakanina da taubashina ne. Ina son buzun nan kamar raina, domin mahaifina ya zauna a kai kafin rasuwarsa.

Ana haka sai rijiyar unguwarmu, wadda ke jikin majema inda ake jeme fatun awaki, ta soma wari, ruwanta ya yi jaja-jaja. Mutane suka zo tambaya ko alwala da shi ta halatta. Malam ya ba mu mas'alar ya ce mu je mu yi nazari.

A hanyar Dundaye na soma halina. Na ce, "Ɗan kawu, ruwan ga bai da tsarki, kuma ba wanda yas san ranar da yac canza. Ke nan sallar unguwa duk ta ɓaci, har ta Malam, har ta waɗanda yab ba salla." Ya kwashe da dariya ya ce in ci gaba. Kafin mu kai gona na rushe maganar da kaina: asalin ruwa tsarki ne har sai an tabbatar ya canza, sallolin baya suna nan lafiya, daga yau ne za a bar rijiyar. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Wallahi kanka na ja, ɗan gwaggo."

Washegari da hantsi ina shiga zaure na ga ba mai kallona. Malam ya ɗago ya ce, "Kai na anka ce kana hwaɗin sallata ta ɓaci?"

"Allah gafarta Malam, ai gwada magana nika yi, don..."

"Ka hwaɗi, ko ba ka hwaɗi ba?"

Na dubi taubashina. Ya kafa wa tabarma ido kamar yau ya fara ganinta. Na ce na faɗa. Malam ya juya ya tambaye shi nasa ra'ayi, sai ya zuba masa ƙarshen maganata tiryan-tiryan, ko wasali bai sauya ba. Ai gwanin hadda ne. Kafin damina ta sauka yana bisa buzu, ni kuwa an ce in nemi wani zauren.

Taubashina bai yi mini ƙarya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Maganata ya raba biyu, ya rataya mini kan, ya tafi da wutsiyar. A gida da na kai kuka, gwaggonni suka ce ai wasan taubasai ne. Daga ranar na rufe bakina, na koma kwafar littattafai, aikin da hannu yake yi kai na hutawa.

Shekaru suka ja, gemunmu ya yi fari. Wata la'asar sai ga shi a ƙofata da babban rawani, an kawo masa mas'alar da ta gagare shi. Ya ce, "Ɗan gwaggo, taho mu bi hanyar Dundaye awa da, ka yi mani gardama."

Na bi shi. Ya warware mini mas'alar, ya faɗi inda ya karkata, ya tsaya yana jiran gardamata. Na lalubi cikin kaina ina neman ɗaya ɓangaren, wanda a da yake zuwa tun ban kira shi ba. Wayam.

Na ce, "Abin da kag gani shi na daidai, Malam."

Ya ɗauka ramuwa nake yi, ya riƙe hannuna yana roƙona in yafe, in yi magana. Da ma ramuwar ce, da na ji daɗi. Muka kai har gonar kawu muka juyo, ban sami ko kalma ɗaya da zan ja da shi ba.