Kiyashi a Kwamfutar Injiniya

Tun ranar da ya karɓo takardar kammala jami'a, babu wanda ya sake kiran sa da sunansa a gidan. Injiniya ake cewa. Umma ce ta fara, ƙanwarsa Auta ta ɗauka da tsokana, har maƙwabta suka bi sahu. Da wani kamfani ya ɗauke shi aikin gwaji, irin wanda ake yi daga gida ta kwamfuta, Umma ta kwashe yadikan ɗinkinta daga ƙaramin ɗaki ta ce ga ofis nan. Keken ɗinkinta ma ta ja shi can ƙarshen baranda, don kada ƙararsa ta shiga taron da ɗanta ke yi da manyansa. Masu kawo ɗinki kuwa tun daga bakin ƙofa take tarar su da yatsa a leɓe.

Bayan wata uku kamfanin ya aiko da saƙo mai layi biyu. Sun gode, ba za su ci gaba da shi ba. Ya karanta sau huɗu, ya rufe kwamfutar, ya fito da niyyar faɗa. Sai ya tarar Umma tana ba wata maƙwabciya labarin aikinsa, fuskarta fal fara'a. Ya ce a ransa gobe. Goben nan ta kai mako bakwai.

Kullum ƙarfe takwas zai yi wanka, ya sa riga mai guga, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Daga nan sai kwanciya a kan katifa, yana duba tallan aiki a waya. Kwamfutar tana kan tebur, a jone da wuta, ko kallonta ba ya son yi. Ƙarfe goma Umma za ta ajiye shayi a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya a hankali. Ya kurɓi rabi, ya dire kofin a gefen kwamfutar.

Ranar wata Asabar Auta ta leƙo.

"Yaya Injiniya, ara min kwamfutarka minti goma. Yau ake rufe rajistar jarrabawa."

"Akwai sirrin kamfani a ciki."

"Sirrin kamfani! Ni da ko sunan kamfanin ban iya faɗa ba?"

"Ba ta mana," in ji Umma daga baranda. "Ai yau ba aiki."

Auta ta ɗaga murfin, ta ƙwalla ƙara ta yi tsalle baya. Kiyashi ne ke ɓulɓulowa ta tsakanin madannai, ta ramin caji, ta ko'ina, har suna hawa hannunta. Ta ruga ta ɗauko maganin fesawa.

"Ajiye wannan, za ki ƙarasa ta," Umma ta ce, tana shigowa da tef ɗin awo a wuya. "Kai kuma cire ta daga wuta. Fito da ita waje."

Suka ɗora ta a kan kujera a tsakar gida, inda rana ta fara taɓawa. Injiniya ya tsuguna yana kwance notinan bayanta da sukundireba. Da ya ɗaga marfin sai ya ji kamar ya nutse. Ƙwai ne farare, ƙanana, jibge a gefen batir. Fankar da ke sanyaya injin ta cushe da su, ko motsi ba za ta iya ba.

"Ikon Allah!" Auta ta ce. "Ba jiya ka ce ka yi taro da ita ba? Ko su ma ma'aikatan kamfanin ne?"

"Saurin taruwa gare su," ya ce, bai ɗago ba.

Umma ta dubi Auta. "Maza je shagon bakin titi su yi miki rajistar, kada a rufe."

Da ƙofa ta rufu, Umma ta zauna a bakin baranda tana kallon kiyashin suna ficewa a jere, kowanne ɗauke da ƙwai.

"Shekarar da na yi jinyar ƙafa," ta ce, "wata biyu ban taka keke ba. Da na buɗe cikinsa, irin wannan na tarar. Ba sa zama a inda abu ke juyawa."

Ya ajiye sukundireban. Zufa ta gangaro masa ta bayan kunne.

"Sun sallame ni, Umma. Mako bakwai ke nan."

"Na sani. Tun da na daina jin dariyar nan ta dole da kake yi wa manyanka."

"To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Kai me ya sa?"

Ya tuna kofunan shayin, ya tuna yadda take taka keke a hankali, tana hana mutane magana a gidanta, alhali ta san a kwance yake. Wannan ya fi sallamar ciwo. Umma ta miƙe, ta ɗauko ɗan buroshin da take share keke da shi, ta miƙa masa.

"Bi a hankali. Ka share teburin da ruwan sabulu, kuma daga yau a waje za ka sha shayi."

Kwamfutar ta tashi da la'asar, tana ƙara kamar mai mura.

Ranar Litinin keken ya dawo wurinsa na dā. Injiniya na zaune a baranda da kwamfutar a cinya, yana gyara takardar neman aiki, sai ga maƙwabciyar nan ta shigo da sanɗa, tana sallama cikin raɗa.

"Saki muryarki," in ji Umma.

"Au, yau Injiniya hutu yake yi?"

Umma ta ci gaba da zura zare a allura, ta bar masa tambayar. Ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Ya ɗago ya dubi maƙwabciyar.

"Babu aikin, Hajiya," ya ce. "Nema nake yi."