Wutar Yara da Wutar Baƙi a Rijiyar Ila

Duk malamin da ya koyar a Damargu cikin ƴan shekarun nan ya san ƙarar babur ɗin Roda. Tsoho ne, sai ya yi tari kafin ya tashi, kuma a bayansa kullum akwai jakar fata ɗaure da roba, cike da wayoyi da ƙananan kayan gyara. Idan kwamfutocin makaranta suka yi gardama, ko rezo ya ɗauke, wato hanyar da ke haɗa su da intanet, ita ake kira. Daga cikin garin Tanut har Belbeji, daga Olelewa har ƙauyukan makiyaya na wajen Tenhiya, ita kaɗai ce tal. Ni Rahinatu, malamar lissafi ce a Tanut, kuma ƙawarta tun muna ƴan mata, don haka abin da zan faɗa ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

Mahaifinta Sulemanu daga wajen Maradi ya zo yana saurayi don taya aikin coci, ya buɗe rumfar gyaran rediyo, ya zama ɗan gari. Lokacin da muke wasan ƴar tsana, ita tana ƙarƙashin teburinsa tana tsintar sukurori. Ta yi karatu a Damagaram, ta dawo ta auri Yafet bakanike, gida ya cika da ƙarafa ta kowane ɓangare. Tana da kirki, amma haƙurinta gajere ne. In ta ga malami ya ɗora kofin shayi kusa da kwamfuta, sai ta wanke shi tas a gaban ɗalibansa, gobe kuma ta kawo masa ƙosai. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi: ranar Lahadi tana coci cikin mawaƙa, ko makarantun Damargu duka za su mutu, sai dai su jira Litinin.

Wata shekara aka samu gudummawar kwamfutoci, da farantan hasken rana, da batura, da eriya mai kamo rezo daga nesa. Kowace makaranta ta cikin gari ta miƙa hannu. A wurin taro Roda ta tashi ta ce ƴan gari suna da wuta, suna da salula a gidajensu, a kai kayan Rijiyar Ila. Wani ƙaramin ƙauye ne a arewa, inda manoman gero da makiyaya suke shan ruwa a rijiya ɗaya. Ta yi ta musu har kowa ya gaji, aka ce to, ta kai, amma wuyanta.

Da farko abin ya yi kyau. Yaran da ba su taɓa ganin kwalta ba suka fara buga sunayensu a kan allon gilashi. Daga nan sai daraktan makarantar, Mushe Attahir (“mushe” muke ce wa malami namiji, daga Faransanci), ya fara kira. Kowane farkon mako maganar ɗaya ce: “Madam, injunan ba su tashi ba.” Kafin ta gama da makarantun gari ta keta yashi ta isa, mako ya raba, sai ta tarar da komai yana aiki lafiya lau. Ta canza waya, ta wanke farantan, ta sauya batir, duk a banza. Wani batir ɗin ma ya kumbura ya mutu murus.

Labari ya kai kunnen sufeton makarantu. Mutum ne mai adalci, bai yi faɗa ba. Ya ce kaya masu tsada ba za su lalace a daji ba. Idan zango ya ƙare ajin bai tsaya da ƙafarsa ba, za a kwaso su a kawo makarantarmu. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Ɗalibaina sun yi wa kwamfutocinmu yawa, kuma na faɗa wa Roda haka a fuskarta. Ta harare ni ta ce, “Ki wanke hannu ki jira, Rahinatu, tuwon bai nuna ba.”

Ruwa ba ya tsami banza. Da ta zauna ta yi tunani, sai ta lura cewa akwai rana ɗaya da ba ta taɓa zuwa ƙauyen nan ba, wato Lahadi. Ran wata Lahadi, ana tashi daga coci, ko zanen mawaƙa ba ta canza ba ta hau babur. Ashe ranar ce kasuwar Rijiyar Ila take ci. Tun daga nesa ta hango raƙuma a durƙushe a filin makaranta, da taron maza masu rawani a gindin tagar ajin kwamfuta. Wata doguwar waya ta fito ta tagar, an jona mata wata, an jona wa waccan wata, kuma a kan tabarma ga salula shimfiɗe kamar an baza kuɓewa a rana. Da masu rediyo, da masu tocila, har da mai injin aski.

Ta sami Mushe Attahir ta ce, “Darakta, wannan fa?”

Ya ce, “Baƙi ne, Madam, suna sharji, suna ɗura wa salularsu wuta. Wasu tafiyar yini suka yi.”

“Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?”

Ya dube ta da mamaki na gaskiya. “Na faɗi me? Ai wutar rana ce. Rana tana ƙarewa ne?”

Ta yi masa bayani da muryar da duk kasuwa ta ji, cewa rana ba ta ƙarewa amma batir randa ce, in aka kwashe ta ran Lahadi, yara za su wayi gari babu ko ɗigo. Ta cire wayar da hannunta. Washegari ta dawo da kwaɗo irin na ƙofar shago, ta garƙame akwatin baturan, ta sa wa tagar ƙarfe, ta jefa makullin cikin jakarta. Ta biyo ta gidana tana taƙama, ta ce in nemi wasu kwamfutocin a wani wuri.

Kwamfutoci kam suka tashi, ko Litinin ba su fasa ba. Sai dai an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Mushe Attahir ya sake kira, muryarsa a sanyaye: “Madam, injuna suna aiki. Yaran ne babu.” Makiyaya sun janye ƴaƴansu ɗaya bayan ɗaya sun tura su bin dabbobi, manoman ma suka fara bin sahu. Ajin da babu yara kuwa, sufeto ba ya bukatar dogon tunani a kansa.

Roda ta koma ta nemi Baba Yabo, dattijon da rijiyar take hannunsa tun daga kakansa Ila. Ta same shi a bakin aiki. Rijiyoyin can zurfi gare su, sai raƙumi ko sa ya ja igiya ya yi nisa kafin guga ya leƙo. Ta gaishe shi, ya amsa a takaice.

Ta ce, “Baba, me yaran suka yi aka hana su karatu?”

Ya ce, “Ɗiyata, daraktanku ruwan nan yake sha. Ke ma in kin zo, shi kike sha. Kin taɓa ganin kwaɗo a bakinsa? Gidan da aka rufe wa uba ƙofa, da wace fuska zai aika ɗansa?”

Ta gaya mini cewa ranta ya ɓaci sosai, don ita a ganinta yaransu take karewa. Ta zauna a kan wani kututture tana huci, tana kallon yadda ake shayarwa. Manyan dabbobi suna turereniya a babban komi. Can gefe kuma ga wani ƙarami, cike da ruwa, maruƙa da ƴan awaki suna sha a natse. Raƙuma masu ƙishi suna wucewa ta gabansa, masu su suna jan akala suna kauda su.

Ta ce, “Baba, wa ke gadin wancan?”

Ya ce, “Gadi kuma? Na ƙanana ne. Wane marar kunya ne zai bar raƙuminsa ya sa baki a ciki?”

Da ta dawo Tanut, ɗakin ajiyar makarantarmu ta fara faɗawa. Akwai wani farantin hasken rana da ya tsage a gefe, an jingine shi shekara da shekaru. Ta roƙi daraktanmu ya ba ta, kuma ni, don rashin wayo, har na taya ta ɗaurawa a babur. Ta ƙwace tsohon batir ɗin babbar mota daga garejin Yafet, yana gunaguni yana ɗora mata. Mutanen Baba Yabo suka kafa rumfa kusa da rijiya, ta haɗa komai a can, ta tara jama'a ta ce wannan wutar baƙi ce, tana hannun mai rijiya, duk wanda ya zo ya sha. Ta nuna ajin da hannu ta ce waccan kuma ta yara ce. Sannan ta ciro makulli, ta buɗe kwaɗon a gaban kowa, ta cire ƙarfen tagar.

Da na ji, na ce mata, “Ke kam kin haukace. Ki ba su tasu, na yarda, amma ki bar kwaɗon mana!”

Ta ce, “In na bar shi, na ce musu ɓarayi ke nan.”

Yara suka fara dawowa. Amma farantin rumfa tsagagge ne, batir ɗin kuma tsoho, ita ma ta san ba kowace kasuwa za su ɗauka ba. Ga shi sufeto ya sa ranar zuwansa Litinin, washegarin kasuwa, kuma kasuwar ta faɗo daidai lokacin da makiyaya suke gangarowa daga arewa, ta fi kowace cika. Ya ce zai tafi da mota mai buɗaɗɗen baya. Gwajin mai sauƙi ne: za a haɗa ajin Rijiyar Ila da nawa ta rezo, mu yi darasi tare. In sun bayyana, kaya sun zauna. In ba su bayyana ba, a loda.

Na ce mata ta je ran Lahadi ta tsaya a bakin tagar nan da kanta. Ta ƙi. Ta tafi cocinta ta yi waƙarta, ko da yake Yafet ya ce abincin rana ko loma ba ta iya haɗiyewa ba.

Ran Litinin da hantsi na jera ɗalibaina a gaban babban allo. Muka kira, shiru. Muka sake kira, allon yana nan baƙi ƙirin. Wasu yaran suka fara murna a ɓoye suna rabon kwamfutocin da ba a kawo ba. Ni kuwa da ya kamata in fi kowa murna, sai ga ni ina ta salati a zuci.

Sai allon ya yi walƙiya. Hoton ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa, sannan fuskoki suka cika shi, kai bisa kai, har da waɗanda suka hau benci. Aji ya cika maƙil. Wata yarinya mai kitso siriri ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta ce, “Ƴan Tanut, kuna ganinmu? Mu muna ganinku!”

A bayansu ga sufeto tsaye, ga Roda jingine da bango, ta rungume jakarta. Na ji sufeto yana tambayar Mushe Attahir ko jiya ba a yi kasuwa ba ne.

Darakta ya ce, “An yi, ranka ya daɗe, irin wadda ba a taɓa yi ba. Wutar rumfa ta ƙare tun la'asar ba ta yi ba, ga mutane da yawa ba su samu ba. Tagar nan kuwa a buɗe take, ni ma ban rufe ba. Suka zo suka tsaya, suka leƙa, suka mayar da salularsu aljihu, suka hau raƙumansu.”

“Ba wanda ya jona?”

“Ko mutum ɗaya.”

Sufeto ya dubi yaran, sannan ya leƙa waje ya ce wa direba ya juya motar, babu abin ɗauka. Roda da na sani da tsiwa, wadda ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, sai kawai ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale.

Ni ce na yi asarar kwamfutoci ran nan, kuma ni ce na rangaɗa guɗa a tsakiyar aji har daraktanmu ya shigo da gudu yana tambayar wa aka haifa. Da ƙyar na share ido na ɗauki alli. Yarinyar nan mai kitso ta riga ta ɗaga hannu, tana jira in ba da lissafin farko.