Zuciyar Lubabatu a Cikin Inji

A Lausu ba a ambaton Lubabatu mai ƙuli-ƙuli sai an ƙara da cewa, "Ai matar nan akwai zuciya." Kuma ba ƙarya aka yi mata ba. Tun da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, da matsar man gyaɗa ta riƙe gidan, tana kai mai da ƙuli kasuwar Rano. Ba ta surka manta, ba ta kuma ɗaukar tayin wulaƙanci. Wani dillali ya taɓa cewa man nata ya kwana biyu, ta bi shi da baki har tasha. Mutane suna shakkarta, amma manta suke saya.

Da shekaru suka ja, sai ƙirji ya soma. In ta daɗe a kan turmi tana juya markaɗen gyaɗa, sai ta ji kamar an ɗora mata buhu, ciwon ya gangaro har hannun hagu. In ta zauna ya lafa. Mai kemis ya ce olsa ce, ta sha farin maganin nan har ta gaji. Yayanta Malam Zailani, malamin makarantar allo kuma babban dangi, shi nasa hukuncin daban ne.

"Luba, zuciya ce ke cin ki," in ji shi. "Ki rage faɗa, ki koyi haƙuri."

"Ni ma zuciyar na ce, Yaya. Amma ta nama nake nufi, mai bugawa, ba wadda kuke min gori da ita ba."

Wa zai saurara? Tana dafe ƙirji sai a tambaya da wa kuma aka yi yau. Wannan ya fi ciwon ƙona mata rai. Tsoronta ɗaya ne: ta faɗi ta mutu a gindin turmi, a taru a wajen gaisuwa ana cewa masifa ce ta sa ta haɗiyi zuciya.

Ta ɗauki ƙafa da kanta ta ga likita a Rano. Ya saurare ta, ya gwada ta, ya tura ta wani asibiti a Kano inda ke da injin da ke ɗaukar hoton jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini. Siti sikan ake ce masa. A can aka sa mata rana, aka ja mata kunne cewa kada ta sha shayi ko kofi kafin ta zo, domin injin ba ya samun hoto mai kyau sai zuciya na bugawa a hankali.

Ran nan Malam Zailani ya raka ta, yana mita. Ko kofin shayi ba ta kalla ba. To amma goro fa? Goro ai ba sha ake yi ba, ci ake yi, kuma ba wanda ya ambace shi. Daga Rano zuwa Kano, ga yunwa ga fargaba, ta ɓantara wannan ta ɓantara wancan, yayan nata ma yana miƙo mata. Da aka gwada ta, zuciya sai gudu take. Aka ba ta ƙwayar rage bugu, aka jira, ta ƙi sauka.

"Kin gani ko?" in ji Malam Zailani, har da tafa hannu. "Ko inji ya kasa da zuciyarki. Tashi mu tafi gida."

Lubabatu ta buɗe baki za ta rama, sai nas ɗin da ke gwada ta ta hango jan haƙoranta.

"Mama, goro kika ci?"

"To, shayi kuka hana ni, 'yar nan."

Nas ta dafe kai. Ta ce abin da ke cikin shayi mai zaburar da zuciya, a goro ma yake zaune. Aka sake sa mata wata rana. A mota Malam Zailani ya rantse ba zai ƙara asarar ƙafa ba. Ita kuwa ta kwance bakin zaninta, ta watsar da sauran goron ta taga. Matar da ko sallar asuba ba ta idarwa sai da goro a gefen tabarma!

Ta koma ita kaɗai. Aka kwantar da ita, aka zura mata ruwan allura ta hannu, ta ji ɗumi ya ratsa jikinta. Gadon ya shige da ita cikin zoben injin, aka ce ta riƙe numfashi. Ta riƙe, tana cewa a ranta, yau dai a yi ta ta ƙare.

Likita ya nuna mata hoton a allon kwamfuta. Jijiya ce ta taho sarai, sai ta tsuke a wani wuri kamar bakin mazurari da tunkuza ta toshe. Ya ce kitse ne ya taru, jini da ƙyar yake wucewa, kuma ta zo a kan lokaci. Za ta fara magani, a duba ko sai an buɗe wurin.

"Likita, ita masifar tawa fa, ta fito a hoton?"

Ya yi dariya ya ce injin ba ya ɗaukar wannan. Sai ga hawaye a idonta. Ba na tsoro ba ne, na daɗi ne da takaici a haɗe, domin yau an gaskata ta.

Ba ta wuce gida ba, zauren Malam Zailani ta fara tsayawa, ta same shi da goro a baki. Ta zayyana masa komai, tana jiran ya musa, ta shirya masa amsa tun daga Kano. Maimakon haka sai ya sa hannu a ƙirjinsa, ya rage murya.

"Luba, shi ciwon nan, in mutum ya yi sauri zuwa masallaci ma yakan taso? Har hannun hagu?"

Ta dube shi. Haushi ya taso mata, tsoro ya danne shi.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun bara."

"Tofar da goron nan," in ji ta. "Gobe da ni za ka ga likita, in ka ga dama ka ce zuciya ce."