Shaidar Mai Agogo ta Biyu

Shekara ashirin da bakwai Mai Agogo ya yi a rumfa ɗaya, tsakanin mai walda da mai sayar da katifa. Teburinsa ɗan ƙarami ne, a kansa akwai hantsaki, da gwangwanin ƙananan kusoshi, da ɗan madubin da yake maƙalawa a idon dama in zai leƙa cikin agogo. Da wannan idon ya ciyar da 'ya'ya biyar. Kuma da yake mutum ne da ba ya wasa da lokaci, shi aka bar wa buga ƙararrawar coci ran Lahadi, ƙarfe takwas daidai, ko da Fasto bai gama ɗaura takalmi ba.

Yana da shekara hamsin da biyar likita ya ce masa yana da ciwon suga. Aka ba shi kati da ƙwayoyi, aka hana shi shayin nan nasa mai cokali huɗu. Ya bi doka yana gunaguni har shekara uku.

Sai aka yi taron addu'a na kwana bakwai a cocinsu. Ya yi azumi, aka ɗora masa hannu, ya ji jikinsa sakayau kamar ya sauke buhu. Ran Lahadi da aka zo lokacin ba da shaida, ya miƙe gaban jama'a ya ce Ubangiji ya warkar da shi sarai, shi da ƙwaya har abada. Mata suka yi guɗa, mawaƙa suka tayar da waƙa. Ba ƙarya ya shirya ba, har zuciyarsa ya gaskata. Amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Matarsa ce kaɗai ba ta tafa ba. Da suka isa gida ta ce, "Baban yara, ai da ka bari an gwada jinin tukuna."

"Ke dai ba ki da bangaskiya," in ji shi.

"Ina da ita. Ina kuma da ido, na ga sau nawa kake zagayawa bayan gida."

Wata biyar yana ƙaryata jikinsa. Ƙishirwa ta dawo, wando ya fara yi masa yawa, sannan hazo ya fara sauka a idon dama. Ya goge madubi, ya sake gogewa, ya ce ai kayan yanzu ne ba su da kyau. Ya san gaskiya sarai, kuma tsoro ya kama shi, don mai gyaran agogo in ba ido ai zaman banza ne. Abin da ya hana shi komawa asibitin unguwa kunya ce kawai. Nas ɗin da ke karɓar kati tana cikin mawaƙa, ita ce ma ta tayar da waƙa ran shaidarsa. Ya je ya ce mata me? Cewa Allah ya fasa?

Wata Lahadi ya dubi agogonsa, ya kasa bambanta dogon hannu da gajere, ya buga ƙararrawa ƙarfe bakwai saura. Tsofaffi suka fito da gudu, wata ko ɗankwali ba ta ɗaura ba. Aka yi ta dariya ana cewa yau agogon Mai Agogo ya sha giya. Matarsa ba ta yi dariya ba. Ran Litinin da safe ta ɗauko tsohon katinsa daga ƙasan akwati, ta ajiye masa kusa da kofin shayi, ta shiga kicin.

Ya shiga mota ya tafi wani asibiti can ƙarshen gari inda ba wanda ya san shi. Yana shiga ya hangi dattijon cocinsu a kan benci, wanda ya ba da shaida bara cewa hawan jininsa ya tafi. Kusa da shi ga shugabar zumuntar mata, ta tura katinta cikin littafin waƙoƙi.

"Dattijo, kai ma dubiya ka zo?" in ji Mai Agogo.

Dattijon ya gyara hula. "Zauna dai, ɗan'uwa. Kai ne na goma sha ɗaya a layi."

Likita ta haska idon, ta daɗe tana dubawa. Ta ce jini ya ɓata na dama, ba zai dawo ba, amma na hagu za a iya tsare shi in ya koma kan magani yau ɗin nan. Ya zauna a benci ya yi kuka, dattijon ya riƙe masa hannu suka yi addu'a a hankali.

Lahadi ta gaba ya sake miƙewa lokacin shaida, da kati a hannu.

"'Yan'uwa, kwanaki na ce Ubangiji ya warkar da ni. Ni na faɗa, ba shi ya aiko ni ba. Ya ba ni likita, ya ba ni magani, ya ba ni mace mai gaya mini gaskiya, na ture su duka don kada a ce na yi ƙarya. Ido ɗaya ya tafi. Ɗayan Ubangiji ya bar mini, kuma don shi na tashi in gode. Duk mai kati a cikin littafin waƙoƙi, ya fito da shi, asibitin unguwa ya fi kusa."

Ba wanda ya yi guɗa. Fasto ya ce amin, nas ɗin nan ta tayar da waƙa. Ran Laraba mutum shida 'yan cocin ta karɓi katinsu.

Har yanzu yana rumfarsa, yana shan ƙwayarsa da safe bayan ya yi addu'a, kuma ƙararrawa ba ta sake kuskure ba. Ya koyi aiki da idon hagu, ko da yake a hankali yake yi. Sai dai duk sa'ad da ya ɗauki madubin, idon dama hannunsa yake fara kai shi, sannan ya tuna ya mayar hagu.