Layin Gawayi a Bangon Sito

Lokacin da muke da ƙungiyar manoma, ni ke kula da sito uku: Ƙarfi, Tsiga da Maska. Babur ɗaya gare ni, ba zan iya tsare ƙofa uku ba. Sai na ja wa kowa layi da gawayi a bango, na ce kada buhunansa su wuce nan, na bar musu makulli. Aka ce na haukace.

Wata kaka na isa Maska, na tarar wani Alhaji ya cika wurinsa da masara har ya cinye na maƙwabcinsa, wani Kirista da bai yanke dawarsa ba tukuna. In ta iso, sai dai a jibge ta waje, gara da awaki su gama da ita.

Na ce, "Alhaji, layin nan fa?"

Ya ce, "Haba Malam, gawayi ne fa, ba katanga ba."

Sauran manoman ne suka fitar masa da buhunan da suka wuce layi zuwa bakin ƙofa, suna ta yi masa tsiya. Da kansa ya kwashe su a amalanke, dawa ta sami wurinta. Har na bar aikin, ban taɓa karɓe makulli daga hannunsu ba.